Hanyar Kurmin da Mushe Lawali Ya Zana

Ranar Talata da hantsi labarin ya same ni a Gidan Amumune, ina tsaye bakin ƙofar aji, yara sun fita shan iska. Wayata ta yi ƙara, na duba na ga sunan Ramatu, babbar ɗiyar Mushe Lawali. Mushe, daga Faransanci, haka muke kiran malamin makaranta a nan. Tun kafin in ɗauka jikina ya ba ni. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Sani, Baba ya cika. Yanzun nan, bayan ya sha kunu. Bayan azahar za a yi masa sutura."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa. Sai kuma na ji bakina ya ce alhamdu lillahi, ba tare da na yi niyya ba. Malamar da ke kusa da ni ta juyo ta dube ni da mamaki. Ba ta tambaya ba, ni ma ban tsaya yi mata bayani ba. Na miƙa mata makullin biro, wato ofis, na tsayar da ɗan kabu-kabu, muka kama hanya cikin rairayi.

Bayanin da ban yi mata ba shi nake son in yi a nan. Abu biyu suka sa na gode wa Allah. Na farko, bawan Allahn nan ya shekara uku yana jinya. Ciwon suga ya fara ɗauke masa gani, daga baya ya buɗe masa gyambo a ƙafa wanda ya ƙi jin magani, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a watannin ƙarshe ya san hutu ya samu. Na biyu kuwa tsakanina da shi ne. Sati uku kafin rasuwarsa na je na roƙe shi gafarar wani laifi da na yi masa shekara ashirin da shida da suka wuce, ya kuma yafe mini da bakinsa, kunnena ya ji. Da na ƙara jinkirin wata ɗaya, da sauran kwanakina a duniya da abin nan a wuyana zan yi su.

A Tasawa na fara saninsa, shekarar da na fito daga makarantar horar da malamai aka tura ni lakwal, makarantar firamaren da yake koyarwa. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali, kullum da tabon fenti a gefen farcensa. Ranar da na sauka ban san kowa a garin ba, ga ni da akwati da tabarma. Direkta, shugaban makarantar, na cikin tunanin inda zai ajiye ni, Mushe Lawali ya ɗauki akwatina ya ɗora bayan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ya ce, "Taho, zaurena ba kowa." Wata biyu na yi a zauren nan. Matarsa, Yaya Cima, ba ta taɓa tsallake ni a tuwo ba, kuma ranar da na sami ɗaki zan tashi, ita ta haɗa mini ludayi da ƙwarya da tukunyar da na fara girki da ita.

Ajin ƙanana yake riƙe da shi, ajin da kowa ke gudu saboda kuka da fitsari da hayaniya. An sha yi masa tayin manyan aji yana ƙi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Yaron da ya tsorata da allo a shekarar farko, da wuya wani ya raba shi da tsoron nan. Gara ni in tsaya a bakin ƙofa." Akwai bulala a ajinsa kamar kowane aji a lokacin, amma ban taɓa ganin ta sauka a jikin kowa ba. Da ita yake nuna baƙaƙe a bango. Baƙaƙen ma shi ya rubuta su da fenti, haka taswirar ƙasa da ke bangon biro, haka sunan makarantar da ke bakin ƙofa. In mai shago ko mai tela a gari ya roƙe shi ya rubuta masa allo, yakan yi, amma sai ya fara gyara masa kuskuren rubutu tukun, ko mutumin ya so ko bai so ba.

Ranar Laraba da rana yakan fito da yaransa gindin bedi ya zaunar da su a ƙasa. Sai ya nuna musu inuwa ya ce, "Wane launi ne wannan?" Su haɗa baki su ce baƙi. Ya ce, "Ku sake dubawa." Haka zai bar su har wata ta ce ta ga shuɗi-shuɗi, wani ya ce ya ga ja a gefe. Sannan ya ce, "To kun gani. Inuwa ba baƙa ba ce, gaggawar ido ce ke mayar da ita baƙa." Ni a lokacin ɓata lokaci na ɗauki abin. Sabon malami ne ni, kaina cike da abin da na haddace, ina ganin na fi duk tsofaffin nan sani.

Zanen da ya jawo wannan rubutu a jikin ƙyauren wani tsohon kabad ya yi shi. Rani biyu ya ɗauka yana yinsa a gida. Ba shi da kayan masu zane. Ragowar fentin da aka shafa wa tagogin makaranta yake tarawa a gwangwanayen tumatir, kore da fari da rawaya, ya niƙa jar ƙasa ya haɗa, ya ɗaure gashin wutsiyar akuya a tsinke ya mayar da shi burushi. Da ya gama ya kawo shi ya rataya a ajinsa, saman allo.

Hanya ce siririya ta rairayi, ta shiga tsakanin itatuwa, ta karkata hagu ta ɓace. Gawo a gaba da ganyensa na kaka, bayansa tsamiya da kanya, ƙasa kuma kalgo da sabara sun cika gefen hanya. A hannun dama akwai wata kuka mai tsagaggen gindi, rabinta ya miƙe sama, rabin ya kwanto kamar zai taɓa ƙasa. Ranar hantsi ta ratso ta cikin ganye ta zuba a kan rairayin, nan haske nan inuwa, har mutum ya ji kamar in ya sa ƙafa zai ji ɗumi a wani wurin, sanyi a wani. Babu mutum a ciki, babu dabba, ko tsuntsu babu, don shi ba ya zana mai rai. In aka tambaye shi me ya sa ba kowa a kan hanyar, sai ya ce, "Akwai mana. Kai da kake kallo, kai ne mai tafiyar."

Ya gaya mana hanyar garinsu ce, wani ƙauye kusa da Kona, wadda yake bi da mahaifiyarsa zuwa kasuwa yana ƙarami, kafin shekarun fari su sa mutane su sare itatuwan. Mu matasan malamai mun san ƙasar Kona, fili ne fetal, iska na kwasar rairayi tana zubawa a gonaki. Mukan saurare shi mu yi shiru don girmansa, amma a bayan idonsa mukan yi murmushi.

A shekarata ta biyu insifekta ya zo daga Maradi. Ban da duba aji, yana neman ayyukan hannu na malamai da ɗalibai da za a kai wani baje koli. Na kwana uku ina shirya ajina. Ya shigo, ya duba littattafai biyu, ya fita bai ce komai ba. Da ya shiga ajin Mushe Lawali kuwa sai ya tsaya gaban zanen nan ya harɗe hannu a baya, ya daɗe bai motsa ba. Dukanmu malamai muna tsaye bayansa. Na ga direkta ya fara washe baki. Kafin in ankara na ji muryata tana cewa da Faransanci, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ranka ya daɗe, wannan ai dajin Turai ne. Daga kalanda aka kwafo shi. Ina aka taɓa ganin irin wannan a ƙasar Kona?"

Ban taɓa ganin wata kalanda mai wannan hoto ba. Hassada ce kawai, da son a san ni ma ina wurin. Wasu malamai suka yi dariya. Insifekta ya juyo ya dubi Mushe Lawali. Shi kuwa ya ce a hankali, sau ɗaya, "Hanyar garinmu ce." Bai ƙara ba. Insifekta ya ɗaga kafaɗa ya ce abin ƙasarmu suke nema, ya wuce aji na gaba.

Da aka tashi na hango shi ya hau benci ya sauke zanen, ya naɗe shi a tabarma, ya ɗaure bayan mobilet. Ba a sake ganinsa a makaranta ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne sunan da ya biyo baya. Ban san wanda ya fara ba, amma kafin hutun ƙarshen shekara rabin gari Mushe Kalanda suke ce masa. Mahauta a kasuwa, masu shayi, har iyayen yaran da yake koyarwa. Yawancinsu ba su san asalin sunan ba, ba kuma da mugunta suke faɗa ba. Ni na sani. Kuma bai sake zana wani abu irin wannan ba, sai baƙaƙe da allunan shago.

Na jira ya zage ni, ko ya daina amsa gaisuwata, bai yi ko ɗaya ba. Yana amsawa a taƙaice ya wuce. Bayan shekara biyu aka tura ni wani horo na sati guda a Maradi, matata Hadiza tana da tsohon ciki. Naƙuda ta kama ta da rana tsaka, abin ya zo da gardama. Maƙwabta suka ruga makaranta neman wanda zai taimaka. Mushe Lawali ya bar ajinsa ya nemo mota, shi da Yaya Cima suka kai ta likita, wato asibiti, ya zauna a bakin ƙofa har aka sauke ta lafiya. Shi ya karɓi ɗana na fari ya yi masa kiran salla a kunne. Da na dawo na je yi masa godiya, ya ce, "Ba komai, Allah ya raya." Na buɗe baki in faɗi ɗaya maganar, ta ƙi fita. Wallahi da ya mare ni a gaban mutane da ya fi mini sauƙi a kan wannan alheri.

Ba a daɗe ba aka canja mini wurin aiki zuwa ƙasar Mayahi, na ji daɗin tafiyar don na daina haɗa ido da shi. Daga baya na ji ya yi ritaya ya koma ƙauyensu.

Shekara goma sha biyar bayan zuwan insifektan nan aka tura ni Kona tsaron jarrabawa. A hanyar dawowa ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya yanke ta cikin gonaki, babur ya yi zafi, muka tsaya gindin wata kuka ya huce. Na zauna a kan saiwa, na ɗaga kai na dubi kukar. Gindinta a tsage yake, rabi ya miƙe, rabi ya kwanto. Na tashi na ja da baya ina kallonta, na zagaya har na sami daidai inda mai zanen ya tsaya. Ita ce. Ga kuma 'yar hanyar rairayi ta wuce ta gefenta ta karkata hagu. Sai dai ba kurmi, gonaki ne da 'yan ƙananan gawo da ba su fi tsayin mutum ba.

Wani tsoho na sassabe a gonar da ke kusa. Na gaishe shi na ce, "Baba, da can akwai itatuwa a nan?"

Ya dogara da gatarinsa ya dube ni. Ya ce, "Itatuwa? Ɗana, wurin ga da rana tsaka sai ka ɗaga kai ka nema kafin ka san inda rana take. Taho ka gani." Ya ja ni yana tona rairayi da ƙafa, yana nuna mini ruɓaɓɓun kututture. "Nan tsamiya ce. Nan kanya, 'ya'yanta kamar zuma. Duk mu muka sare su, yunwa ta sa." Yadda yake lissafa su haka suke jere a jikin ƙyauren kabad ɗin nan. Na tambaye shi ƙananan gawon fa, ya ce wani mushe ne mai ritaya a garin can ya dame su da magana har suka daina tumɓuke toho in suna sassabe. Ya nuna mini garin da hannu. Ana hango rumbunansa, tafiyar ƙafa ba ta fi rabin awa ba.

Ban je ba. Wannan ma dole in faɗe shi. Babur ya huce, na hau, na ce wa mai shi mu wuce Tasawa in kama hanyar gida. Na ce a raina sai na shirya, sai na sami abin da zan riƙa masa, sai da Salla. Salla ta zo ta wuce sau ashirin da biyu, ƙarama da babba. Nakan aika gaisuwa ta bakin mutane, shi ma ya aiko. Na zama direkta, na yi furfura, ina yi wa matasan malamai nasiha a kan riƙe harshe, ni kuwa na kasa tafiyar wuni guda.

Watan jiya na je likitar Mayahi a auna mini jini. Ma'aikaciyar da ta ɗaura mini abin awo ta dube ni ta sake dubawa, ta ce, "Baba Sani, ba ku gane ni ba? Ramatu ce, ta gidan Mushe Lawali." Na bar ta tana 'yar shekara shida. Na tambaye ta jikin mahaifinta. Ta gama rubuta abin da take rubutawa, ta ajiye alƙalami, ta ce, "Jikin ya yi nisa. Yana yawan ambatonku. In za ku je, Baba, ku je yanzu."

Asabar ɗin nan na tafi. Na iske shi da safe a tsakar gida, kwance kan gado ƙarƙashin rumfar kara, ya rame har ban so in kalli hannuwansa ba, idanun sun yi fari. Na yi sallama. Ya juyo da kunne ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sani ne. Muryar ta tsufa, amma gaggawar na nan." Yaya Cima ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Muka gaisa, ya tambayi Hadiza, ya tambayi yaron da ya yi wa kiran salla, na ce har ya yi aure. Gaisuwa ta ƙare.

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a bakin gadon. Na ce, "Mushe, na zo ne ku yafe mini. Abin da na faɗa gaban insifekta ƙarya ne. Ban taɓa ganin wata kalanda ba. Baƙin ciki ne ya sa ni. Na ga kukar da idona, an nuna mini kututturan. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na gani, kunya ta hana ni zuwa."

Ya juya kai wajen matarsa. Sannan ya ce, "Cima, ɗauko allon nan."

Ta shiga ɗakinta ta fito da shi, ta jingina a jikin turken rumfa. Fentin ya ɗan tsattsage a gefe, amma hasken yana nan yadda na san shi. Ya ce, "Ni yanzu ba na gani. Gaya mini mi ke ciki." Na fara lissafa masa, gawo, tsamiya, kanya, kuka. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka tsallake marke. Duba bayan kanya." Na duba, ga shi nan kuwa, siriri, rabinsa a ɓoye. Duk kallon da na yi wa zanen a da, ban taɓa lura da shi ba.

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Bari ni ma in gaya maka wani abu. Kalanda akwai ta. A biron direktanmu na farko take, wani daji na Turawa, itatuwa tsaye kamar sanduna. Na fi wata ina satar kallonta, ina son in gane yadda suka zuba haske a ƙasa. A nan na koyi hasken. Itatuwan dai namu ne, hanyar ma tamu ce. Shi ya sa ranar nan ban ja da kai ba. Na ce a raina, yaron ga ya harba a duhu ya taɓa gefen gaskiya, in na tsaya bayani gaban baƙo ba wanda zai rarrabe."

Na ce, "Duk da haka na cuce ku."

Ya ce, "Ka cuce ni, ba zan ɓoye maka ba. Sunan nan har ƙofar masallaci ya bi ni. Shekara biyu ko muryarka ba na son ji. Amma ranar da aka miƙo mini ɗanka, na riƙe shi, na duba cikina na ga ba sauran komai. Tun ran nan na yafe. Na yafe maka duniya da lahira, Sani. Da ka zo tuntuni da mun sha hira."

Na kasa riƙe hawaye, ban kuma yi ƙoƙarin riƙewa ba. Da na natsu na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai, ko ni na sa ya daina zane. Ya ce, "A'a. Hanya ɗaya ce a kaina, na zana ta. Mi zan ƙara?" Yaya Cima tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, faɗi gaskiya dai. Fushi ka yi." Ya ce, "To, da fushin ma." Muka yi dariya mu uku. Ta dama mini fura na sha har na nemi ƙari, na wuni a wurinsu sai la'asar. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in bi ta wajen kuka in ga gawon, an gaya masa yanzu sun fi rumbu tsawo. Na bi. Sun fi. Ba kurmin da ba ne, amma mai tafiya yana samun inuwa nan da can. Ban taɓa jin jikina sakayau kamar a tafiyar nan ba.

Ranar da ya rasu na isa ana daidaita sahu. Bayan an dawo daga maƙabarta Ramatu ta ba ni labarin ƙarshensa. Ya yi sallar asuba a zaune, ya sha kunu fiye da yadda ya saba, ya ce a fitar da shi rana. Aka fitar da gadon. Ya ce yana jin ɗumi a ƙafar da ta daɗe ba ta jin komai sai zogi. Ya yi kalmar shahada sau biyu, Yaya Cima na riƙe da kansa, shi ke nan. Ba kakari, ba fisge-fisge. Da na shiga yi mata gaisuwa, idonta a bushe ta ce mini, "Ya huta, Sani. Na roƙi Allah kada ya wahalar da shi wajen fita, ya kuma amsa mini."

Ranar sadakar uku tsofaffin malamai suka zo daga Tasawa, da mutane da yawa da ya koya wa baƙaƙen farko, yanzu wasu 'yan kasuwa, wasu ma'aikata, wasu manoma. Ana cikin addu'a wani dattijo, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Allah ya jiƙan Mushe Kalanda." Da aka shafa na nemi izinin liman na miƙe. Na ce a gaban jama'a na yi ƙaryar, don haka a gaban jama'a zan janye ta. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan. Can sai tsohon direktanmu, wanda yanzu sai an riƙe shi yake tashi, ya ce, "Kai ka faɗa, mu muka yi dariya. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ina roƙon duk wanda ya san shi da wancan suna ya bar shi daga yau. Sunansa Lawali.

Wani daga cikin tsofaffin ɗalibansa ya kawo shawarar a kai zanen Maradi a rataye inda jama'a za su gani. Aka aika a tambayi Yaya Cima. Amsarta ta dawo a taƙaice: shekara ashirin da shida tana share masa ƙura, ba inda za shi sai bayan ranta. Ba wanda ya sake tayar da maganar.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka mayar masa da ganinsa a inda babu ciwo. Duk yaron da ya koya wa harafi, duk icen da ya hana a tumɓuke, ka sa su a mizaninsa. Yadda ya yafe wa wanda ya cuce shi tun ba a roƙe shi ba, kai ma ka yafe masa, kai ne mafi cancantar yafiya. Ka ba Yaya Cima haƙuri da lafiya, ka ɗebe mata kewar zaman shekara arba'in. Ka shirya Ramatu da ƙannenta, ka haɗa kansu, ka sa su riƙe mahaifiyarsu da kyau. Mu kuma da muka rage, ka sa mu cika da imani, ka ba mu ƙarfin zuwa ƙofar waɗanda muka ɓata wa tun suna iya amsa mana sallama. Amin.